Ɗumamen da Ba Ta San Jiyansa Ba

Ajiye kwalin nan tukuna, 'yar nan, ki zauna. Na ga kina ta juya shi kina murmushi kamar kin tsinci dami a kala. Ni ba na faɗa da kayan zamani, amma bari in ba ki misali, in kin ji sai ki yi yadda kika ga dama.

Akwai wata tela, mace mai zafin nama, tana da shago a bakin kasuwa da 'ya'ya uku a gida. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya. Da Babbar Sallah ta matso, ɗinki ya taru mata har ba ta ganin bangon shagon, sai ta shiga wani babban kanti ta ga irin wannan taliya taki: an dafa, an zuba miya da niƙaƙƙen nama, an daskare ta cikin kwali. Mai kantin ya ce mata ai ba dahuwa ake yi ba, ɗumamawa kawai. Kalmar nan ita ta cuce ta. Da ta ji ɗumame sai hankalinta ya kwanta, don ɗumame abin gida ne, da shi aka raine mu duka. Ta manta cewa ɗumamen gida ke kika tuƙa shi jiya da hannunki, kin san tukunyar, kin san inda ya kwana. Ta kwaso kwalaye ta cika firiza. Kullum ta dawo gab da magariba, kafin a idar da salla yara sun ƙoshi, ita kuwa ta koma kan keken da take da shi a ɗaki. Abin ya yi mata daɗi ƙwarai, har tana yi wa maƙwabta dariyar hura gawayi.

To, a unguwarsu sai aka shiga ɗauke wuta tun safe, ba a dawo da ita sai bayan azahar. Ita tana shago, ba ta sani ba. Taliyar ta narke da rana ta jiƙa cikin ruwan namanta, wuta ta dawo ta sake daskarewa, gobe ma haka. Ran nan ta buɗe firiza ta ga kwalin ya yamutse, ga wani jan ruwa ya daskare a ƙasa. Gabanta ya faɗi, wallahi ya faɗi. Amma yara na jan zanenta da kukan yunwa, ga ɗinkin mutane na jira. Ta yi abin da uwarta ta koya mata, ta kai hanci ta sansana. Ba ta ji komai ba. Ina za ta ji? Tuwo in ya lalace yakan faɗa miki da tsaminsa, amma ƙanƙara ba ta da baki. Ta juye a tukunya, ta ga gefe ya fara tururi, ta sauke. Autanta ya ce, "Umma, tsakiyar da sanyi." Ta ce masa ya ci ta gefe, ta wuce kan keke ko loma ba ta kai ba.

Da gari ya waye gidan ya yi shiru, irin shirun da uwa ba ta so. Manyan biyu na kwance suna riƙe da ciki, amai da gudawa sun galabaitar da su. Autan kuwa ya daina kuka ma. Ta ɗaga shi wuyansa ya langaɓe, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, ta kira sunansa bai waiwayo ba. Ta saɓe shi ta fita ko mayafi ba ta ɗauka ba, maƙwabciya ce ta bi ta da mayafin har bakin titi. A asibiti likita ya tambaye ta me suka ci, ta faɗa. Ya ce yaushe aka dafa shi? Ba ta san ranar ba, ba ta san garin ba, ba ta san hannun da ya dafa abin da ta zuba wa 'ya'yanta ba. Aka sa wa yaron ƙarin ruwa, ta zauna a gefen gado tana kallon robar nan tana ɗiga, ɗis, sai an jima kuma ɗis, ba mai iya sa ta sauri. Duk lokacin da ƙirjinsa ya jinkirta ɗagawa, sai ta ji nata numfashin ya tsaya. Abin da ya fi razana ta shi ne ta riga ta yanka masa farar shadda ta Sallah, tana nan kan keke ba a ɗinka ba. Duk sa'ad da farin yadin nan ya faɗo mata a rai sai ta tuna likkafani, ta yi ta neman tsari.

Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi. Amma Sallah a asibiti ta same su, ta jiyo kabbarar masu zuwa idi ta taga, shagonta a kulle, yadin mutane a jibge, yaron da ta so ta ciyar kafin a idar da salla yanzu cokali ɗaya na koko sai ta yi ta lallashi kafin ya haɗiye. Ni tun da na ji labarin nan nake tsoron abincin da hancina ba zai iya yi masa tambaya ba. In za ki ba jikokina wannan, ki tabbata bai taɓa narkewa ba, ki kuma bar shi ya tafasa har tsakiya. In kwalin ya yamutse, ki zubar, kada ki ji ciwonsa. Ai masu iya magana sun gama faɗa: sauri kan haifi nawa.