Ruwan Tukunyar Inna Kande

Tun da masana suka gano rai na iya farawa daga ɗigon kitse da ya yi wa kansa fata cikin ruwan ɗumi, aka hana masu sabulun salo zubar da ruwan tukunya sai an duba.

Ranar Laraba Inna Kande ta kai nata wurin dubawa. Ma'aikaciyar wurin ta tarbe ta da murna.

"Inna, ɗigon da kika kawo makon jiya ya rabu biyu, har yana ci! Amma ruwan tukunyarsa kaɗai yake karɓa. Ina sauran?"

Kande ta sunkuyar da kai. "Layi ya gajiyar da ni, 'yar nan. Na juye a kwata."

Ma'aikaciyar ta matso mata da madubin ƙara girma, don ta ga ɗigon kafin ya mutu. Kande ta ce idonta ba ya gani sosai, ta ɗauki bokitinta.