Riga Marar Ƙara

Safura ta kara hannun rigar a kunnenta, ta murza shi tsakanin yatsu biyu. Ƙwaras-ƙwaras, kamar ledar burodi. Ta ja tsaki, ta mayar da ita inda ta ɗauko.

Tun da ta tashi aiki a sito take tsaye a sashen kayan farauta na wani ƙaton kanti a titin Wendover Avenue, can ƙasar Turawa, ƙafafunta sun kumbura, idanunta na yaji. Ba kwalliya ta zo saye ba. Gobe da asuba mahaifinta, Malam Iliyasu, zai fita farauta, kuma dole ta bi bayansa ba tare da ya ji motsinta ba.

Tsohon ya haura saba'in. A zamaninsa maharbi ne na ji da faɗi a dazukan Ningi. Tun da mahaifiyarta ta rasu ta ɗauko shi ya dawo gidanta a Pleasant Garden, yake wuni a bakin taga, magana sai an ja shi. Sai da Disamba ta kama, wata rana ya hango barewa. Shi ke nan fa, jini ya motsa.

Hana shi? Ai ta gwada. Ta ɓoye takalmansa, ya fita da silifa cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. Ta kulle ƙofa, ya wuni bai sa komai a bakinsa ba. Ta roƙe shi ya bari ta raka shi, ya dube ta sheƙeƙe. A wajen maharban garinsu mace ba ta taka sawun mai fita daji, in ta taka, naman ranar ya tsere. Tsohon nan dai, taurin kai gare shi.

Don haka take binsa a ɓoye. Ranar Lahadi rigar ruwan da ta sa ta tona mata asiri. Ya waiga, ya daka mata tsawa da sunan mahaifiyarta, ya saki hanyarsa ya nausa wajen babban titi. Sai da hantsi ya dubi ludayi ta same shi zaune a gefen kwalbati, yatsunsa sun sandare. Likita bai ɓoye mata ba: ƙirjin nan ba zai sake ɗaukar irin wannan sanyi ba.

Wani ma'aikacin kantin, dattijo mai furfura a gemu, ya ji tana gunaguni da Hausa, ya matso. Mourtala sunansa, mutumin Maraɗi.

"Hajiya, in ta farauta ce, waɗannan ba za su yi ba. Barewa kunne gare ta."

Ya zaro mata wata mai ruwan ƙasa, irin mai gashi-gashin nan da suke kira filis, taushinta kamar bayan mage. Ya nuna mata wuyanta mai rufe haɓa, da aljihunan da ba su da abin mannawar nan mai ɓarat in an buɗe. Ta ɗora ta a kan hijabinta, ta kaɗa hannuwa, ta tsuguna, ta miƙe da ƙyar. Shiru kake ji. Ɗumi ya ratsa ta har ta ji kamar ta jingina da bango ta yi barci.

"Ke za ki fita?" Mourtala ya tambaya.

"Babana. Ni rakiya ce."

"To, madalla. Yana da permis ɗinsa, takardar izinin farauta, dai ko? Hukumar nan ba ta wasa. Wace bindiga yake riƙewa?"

"Wadda ya zo da ita daga gida."

Mourtala ya ɗan yamutsa fuska, amma bai ja zancen ba. Ya ce kada ta shafa turare, ta bar iska tana dukan fuskarta, tsohon kuma kada ya fita babu hular nan mai ruwan lemo. "Ki yi haƙuri, saura kaɗan. Ana shiga Janairu shi ke nan."

"Haka maƙwabta suka ce mini," in ji ta.

Ta biya ta fito. A cikin mota ta daɗe ba ta tayar ba. Ta gaji, wallahi ta gaji, amma Janairun nan tsoro take ba ta. In farautar ta ƙare, bakin taga zai koma.

Da asuba ya idar da salla, ya sa rigarsa mai kauri da hular da ta rataye masa a jikin ƙofa, ya fice a hankali. Ta bar shi ya yi ɗan nisa, sannan ta bi.

Ciyawa ta yi fari fat da raɓar da ta daskare. Yana tafe a duƙe, yana ɗaga ƙafa a hankali, sai ka rantse ɗan shekara talatin ne. Ya tsaya cak, ya kasa kunne. Ita ma ta tsaya, ta riƙe numfashi. Bai waiga ba. Rigar ta rufa mata asiri.

Ya durƙusa a bayan shinge, ya lashi yatsa ya ɗaga ya ji ta inda iska ke kaɗawa. Daga inda ta laɓe tana ganin gefen fuskarsa. Murmushi yake yi, irin wanda ba ta sake gani ba tun ranar da aka kai mahaifiyarta makwancinta. Hawaye suka zubo mata, ba ta ko share ba, don kada motsin ya kai kunnensa.

Barewar tana nan inda take tsayawa kullum, ta duƙar da kai.

Malam Iliyasu ya yi bisimilla a hankali, ya ɗora sandar dogarawarsa a kafaɗa, ya saita barewar ado ta wayar ƙarfe da maƙwabta suka kafa a ƙofar gidansu, jikinta duk fitilun Kirsimeti suna ƙyaftawa.