Saura Awa Biyar

Kilomita dubu tara da ɗari biyu, awa goma sha uku a sama. Auta ta haddace lissafin nan kamar sunanta, don Baba ne ya rubuta shi da biro a bangon ɗakinsa ranar da ta tafi aikin jinya a ƙasar waje. Tsohon direban babbar mota ne, komai da awa yake auna shi. Shi ya ɗaura mata agogonsa a hannu, ya ce kada ta kuskura ta juya shi, a bar shi a lokacin gida. Shekara shida ba ta taɓa shi ba.

Jiya yayanta ya kira. Kalma huɗu ya faɗa: "Jikin Baba ya tsananta." Abu ɗaya take roƙo tun daga lokacin, ta same shi da rai.

Awa takwas na farko a jirgi sun wuce ba ta sa komai a baki ba. Aka sauke su a wani birni don canjin jirgi. Ta zauna kan kujerar ƙarfe mai sanyi, tana harar wayarta da ta ƙi kama layin ƙasar. Wayar banza, sai ranar da ake nemanta take mutuwar tsaye!

Sai ga wayar tana ruri. Babu lamba a fuskarta.

"Auta, kina ina?"

Hawaye suka zubo mata. Muryar Baba ce tas, babu tarin nan da ya shekara yana sarƙe shi, babu hayaniyar asibiti a bayansa. Ta duba agogon hannunta, sha ɗaya daidai na safe a gida.

"Baba, ina hanya. Saura awa biyar."

"Biyar? Da tsohuwar motata ai sai ki yi wata guda." Ya yi 'yar dariyarsa. "Kada ki ɗaga hankalinki. Ni tawa tafiyar ashe ba nisa, har na sauka. Ki ci abinci, kin ji?"

Layin ya ɗauke. An sallame shi ke nan, ta ce a ranta, an mayar da shi gida. Daɗi ya kama ta har ta sayi shayi da burodi, a jirgi na biyu kuwa ta yi barci har da minshari.

Da yamma ta fito da jakarta. Yaya na tsaye bakin ƙofar fita, rigarsa a yamutse. Ya karɓi jakar bai kalli idonta ba. A mota ta yi ta zuba, Baba kaza, Baba kaza, har yanzu bai daina tsokana ba. Yaya ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"Auta, sai haƙuri. Baba ya rasu."

Sai ta ce, "Allah na gode maka da muka yi sallama. Ƙarfe sha ɗaya ya kira ni, Yaya, da agogonsa na duba."

Yaya ya zura hannu a aljihu, ya fito da wayar Baba mai fasasshen gilashi, a kashe.

"Tun jiya tana wurina," ya ce. "Kuma ƙarfe tara na safiyar yau na rufe masa ido da hannuna."