Ɗari Bisa Ɗari

Ranar Litinin da safe Fehintola ta tarar da leburori uku a bayan sito suna ɓare takardun jikin gwangwanayen madarar jarirai, suna liƙa sababbi. Ta sunkuya ta ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda aka zubar. Wa'adin madarar ya ƙare tun watan Agusta. Sabuwar takardar kuwa ta ƙara mata shekara guda cur.

Tir!

Ba sai ta tambayi wanda ya ba da umarni ba. Shekara shida tana sakatariyar Oga Bamgbose, manajan sito a wannan ƙaton kamfani na Ikeja, ta san aikinsa ko daga nesa. Mutum ne da ko saƙo ba ya iya buɗewa a kwamfuta sai ya ƙwala mata kira, amma in aka zo fagen cuta, malami ne. Madarar katan dubu biyu ce, kuma ranar Juma'a motoci za su kwashe su zuwa kasuwa.

Abin takaicin, kamfanin nan ba ya da waƙa sai ta ɗa'a. Kowane bango da hoton jariri yana dariya, an rubuta a ƙasa wai amana ce jarinsu. Akwai littafin ɗa'a mai shafi casa'in, akwai jarrabawa a kwamfuta duk watan Janairu, daga maigadi har babban darakta ba mai tsallakewa. Fehintola ta haddace littafin nan kaf. Shafi na arba'in da ɗaya ya ce duk wanda ya ga ɓarna ya kai ƙara sashen ɗa'a, za a ɓoye sunansa, ba mai taɓa aikinsa.

Da rana a wurin mai amala ta faɗa wa Obiageli, ƙawarta ta sashen talla. Obiageli ta ajiye lomar da ta ɗauko.

"Anti Fehin, kanki ɗaya kuwa? Littafin nan ado ne, kamar furen robar da ke teburin darakta. 'Ya'yanki biyu suna makaranta, maigidanki wata takwas ba aiki."

"Jarirai ne fa za su sha."

"To ki rubuta, amma don Allah kada ki sa suna."

"Takarda marar suna kwandon shara take ƙarewa. Ni na san tsarin."

Ta rubuta. Ta haɗa da hotuna, ta sa sunanta da lambarta ta aiki. Kujerar shugaban sashen ɗa'a babu kowa tun da tsohon ya yi ritaya, don haka ta kai ambulan wurin Madam Ekaete ta ofishin ma'aikata.

"Kwantar da hankalinki, 'yar uwa," in ji Madam. "Laraba sabon shugaba zai kama aiki. Turawan hedkwata ne suka zaɓa, ba ɗan gidan kowa, ba kamun ƙafa. Ni ma ban san shi ba tukuna. A rufe zan damƙa masa a hannu."

Ranar Talata Oga Bamgbose ya wuni cikin fara'a. Tela ya zo har ofis ya gwada masa sabuwar agbada, shi kuma yana tsokanar Fehintola wai ta rame. Ta durƙusa ta miƙa masa shayi kamar kullum. Ƙazami, ta ce a ranta, yi dariyarka ta ƙarshe.

Ranar Laraba Oga bai zo sito ba. Ta ce a ranta lallai ya ji ƙishin-ƙishin, ya ɓuya. Karo na farko a makon ta ci abinci hankali kwance.

Alhamis da hantsi aka kira ta hawa na tara. Ta gyara ɗankwali, ta maimaita shafi na arba'in da ɗaya a cikin lif, ta shiga ɗakin shugaban sashen ɗa'a da sallamarta.

Sabuwar agbadar ta fara gani. Oga Bamgbose yana kishingiɗe a kujerar, ambulan ɗinta a yage a gabansa, hotunanta a baje kamar karta. Ta tagar bayansa ana hango motoci a jere a bakin sito, ana lodi tun kafin Juma'ar ta zo.

Madam Ekaete tana tsaye a gefe tana ta washe baki, da gani ba ta san abin da ke cikin takardar ba.

"Kin ga ikon Allah? Ashe ogan naki ne! Cikin ma'aikata dubu huɗu, shi kaɗai ya ci jarrabawar ɗa'a ɗari bisa ɗari, shekara biyar a jere. Turawa suka ce irinsa suke nema."

"Zauna, 'yata," in ji Oga. Sai ya ɗaga hannu. "A'a, tsaya ma, ba daɗewa za ki yi ba. Ajiye min katin aikinki a nan."

Ta cire katin daga wuyanta. Ba shi take ƙyama ba a wannan lokacin, ba kuma Madam ba. Yatsun da ke riƙe da katin ta zuba wa ido. Shekara biyar, duk watan Janairu, su ne suke shiga kwamfuta da sunan Oga su amsa masa jarrabawar tambaya bayan tambaya, a tsanake, don kada ya yi mata faɗa.