Kaset Marar Suna

Muhsin ya tabbata bai sayi kaset ɗin ba. Yana cikin jera waɗanda ya kwaso daga wani tsohon shagon hayar kaset a Roni ya gan shi a tsakiyarsu, naɗe cikin farin ƙyalle, babu suna, babu hoto. Sauran duk fumfuna ta cinye su, shi kuwa fes yake.

Aikinsa ke nan in ya taso daga shagon waya da yake tsaro a Kazaure. Yakan nemo tsofaffin finafinan da aka manta, ya juye su a kwamfuta, ya wanke hoto, ya tace murya, ya ɗora a shafinsa na intanet. Masu bin shafin sun san shi da tsabtar aiki.

Da ya saka kaset ɗin a tsohuwar bidiyonsa, sai murna ta kama shi. Gonar Hamma ne, fim ɗin da wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta yi a Roni tun yana goye, wanda kowa ke cewa ya ɓata.

Murnar ba ta daɗe ba. A bara aka taɓa rufe masa shafi saboda wani ya kai ƙara cewa ya ɗora fim ba izini, kuma har yau Halliru na Babura yake zargi, abokin sha'awarsa da suka koma ba sa ga-maciji. To wa ya san ranar da ya je Roni? Halliru ya sani.

Ya tsaya ya duba kaset ɗin sosai. Hoton garau yake, in ban da wuri ɗaya, inda jarumin ke ciniki a kasuwa. Nan zaren kaset ɗin ya sule, hoto yana rawa, layuka suna ratsa fuskoki, sauti yana shuu. A bayan maganar 'yan wasan kuma wata mace cikin 'yan kallo tana ta dariya, tana kiran wani da yaren da bai yi kama da Hausa ba. Muhsin ya ce a ransa da gangan aka ɓata wurin, don ya ɗora aiki mai aibu a yi masa dariya.

Ranar kasuwa ya hau mota ya tafi Babura. Ya tarar da Halliru a rumfarsa yana gyaran rediyo.

"Kai ka jefa min Gonar Hamma a kaya?"

Halliru ya ajiye sukundireba ya ƙura masa ido. "Malam, shekara nawa ina nemansa? In na samu, kai zan ba?"

Muhsin ya dawo bai gamsu ba. Ya tambayi matarsa Sadiyya ko wani baƙo ya shiga ɗakin aikinsa, ta ce ba wanda ya shiga. Ya tambayi Gwaggo Tasalla, wadda ta rene shi tun rasuwar mahaifiyarsa yana jariri, ta ce ita ina ruwanta da kayan ƙarafunansa, ta ci gaba da tsince wake ba ta ɗago kai ba. Mahaifinsa Alhaji Mele kuwa, Muhsin bai ma tambaye shi ba. Dattijon ba abin da ya sani sai hatsi, bidiyon da ke ɗakinsa ma ta daɗe da mutuwa, ya rufe ta da tsumma.

Sai ya ƙudura cewa ko wane ne ba zai ga abin dariya ba. Ya zauna a kan wurin nan da ya lalace kamar mai ɗinkin hula. Ya tsayar da rawar hoton, ya share layukan, ya kashe shuu ɗin. Dariyar matar ce ta fi ba shi wahala, don ta cakuɗe da maganar jarumin, amma a hankali ya tsame ta har ba a jin ko alamarta.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya kunna wa mutanen gida a tsakar gida kafin ya ɗora. Ga mamakin kowa, Alhaji Mele ya jawo kujera ya zauna a baya. Da aka zo wurin kasuwa, murya ta fito tar kamar jiya aka ɗauka. Sadiyya ta yaba. Alhaji ya miƙa wuya gaba yana saurare har wurin ya wuce, sannan ya tashi ya shige ɗaki. Gwaggo Tasalla ta bi shi da kallo.

Washegari da safe kaset ɗin ya ɓace, har da bidiyon. Kwamfuta da waya suna nan, kwaɗon ƙofa lafiyarsa ƙalau.

Muhsin ya ciro waya zai kira Halliru. Sai ya ji shuu ɗin nan daga can cikin gida, da dariyar da ya sha wahalar gogewa. Ta yanke, aka mayar da kaset baya, ta sake fitowa. Aka sake mayarwa.

Ya bi sautin har ƙofar mahaifinsa, ya yi sallama ya ɗaga labule. Alhaji na zaune a ƙasa dab da talabijin, yatsansa a kan maɓallin mayarwa, farin ƙyallen a cinyarsa.

"Baba, kai ne?"

Alhaji bai juyo ba. "Na ga zaren yana ƙarewa ne, na ce ka adana min ita. Sai ka goge ta." Ya sake danna maɓallin. "Zauna ka ji. Fanna ce, mahaifiyarka, ni take kira, kana goye a bayanta."