Gardin Baraj

Akuya ɗaya Wasila ta fitar daga ruwan. Rumbu da ɗaki da tukwane, duk ƙorama ta tafi da su ranar da baraj ya ɓalle.

Baraj ɗin ba wani abin kallo ba ne. Duwatsu ne aka jera aka ɗaure cikin ragar waya mai kauri, irin wadda ba a samu a kasuwa. Amma shi ke tare ruwan damina kada ya faɗo wa gari, shi ke riƙe shi har bazara a yi lambu, dabbobi su sha. Mijinta Yakuba ne gardinsa, wato mai gadinsa.

Masu dubawa suka zo daga Damagaram, suka ce ba ruwa ne ya fi ƙarfinsa ba. An daɗe ana yanke ragar ta ƙasa, duwatsun suka saki. Jandarma suka tafi da Yakuba da rigar jikinsa.

Gari ya juya wa Wasila baya, ko gaisuwarta ba a amsawa. Mutum ɗaya ya tsaya mata, Tanimu shugaban kwamitin ruwa, aminin Yakuba tun ɗakin kaciya. Ya ba ta ɗaki a gidansa, ita da yaranta. Duk zuwan da za ta yi wajen mijinta, sai ya haɗa ta da dafaffen ƙwan zabi cikin kwano, ya ce a gaida masa ɗan'uwa.

Shi ya sa da aka tambayi Yakuba ko yana barin bakin aiki, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ranakun kasuwa Tanimu kan karɓe shi ya ɗan huta, to ina zai jawo wa mai alheri jandarma? Wasila ma ta ce hakan ne daidai.

Wata safiya Tanimu ya tsaya a ƙofar ɗakinta, idonsa ya yi ja.

"Matar aminina, ki lallashe shi ya amsa sakaci. Musun nan shi zai sa su ɗora masa sata, ita ce mai cin shekaru."

Ta je. Yakuba ya ce shi bai taɓa barci a bakin ruwa ba. Ta yi kuka, ta haɗa shi da girman 'ya'yansa, har bawan Allah ya sunkuyar da kai ya amsa. Ko sakaci ko sata, laifin dai ya zauna a kansa.

Ta dawo da la'asar ta tarar akuyar ta tsinke igiya. Ta bi sawunta har wata ƙofa da ke can ƙuryar gidan Tanimu, wadda kullum take a kulle, yau an manta.

Akuyar na tsaye jikin wani ƙaton keji, zabi fal a ciki. Kejin kuwa, daga ƙasa har rufinsa, ragar baraj ce.