Hannun Hagu

"Baba, ka daina dukan itacen dabinon nan," na ce, na ɗaga hoton ƙashin hannunsa na dama a gaban fitila. Shekara goma ina likita a Madina, ban taɓa ganin hannu irin wannan ba. Babu yatsan da bai taɓa karyewa ya haɗe ba.

Tsohon nan Basine ne, wato mutumin ƙasar Sin, Musulmi, mai gadin wata gona a Al-Ranuna, kusa da Ƙuba. Tun yana yaro yake horar da hannunsa da dukan itace, yadda malaminsa na faɗan kunfu ya koya masa.

Ɗansa, wanda ya zo Umara daga Sin da lambar zinare ta wasan kunfu, ya sa baki. "Ka faɗa masa, Daktur. Yanzu ba a faɗa, kyan tsalle alƙalai suke dubawa."

Tsohon ya kama hannun ɗan, ya juya tafinsa mai laushi kamar na amarya.

"Wannan rawa ce," ya ce. "Ranar da 'yan fashi suka shigo ƙauyenmu, babu alƙali. Wanda ya koma gida da ƙafarsa shi ya ci."

Na naɗe hannun da filasta, na gargaɗe shi cewa duka ɗaya zai iya kashe hannun har abada. Ya yi alkawarin ba zai sake duka da shi ba, har da wallahi.

Washegari na bi ta gonar a hanyata ta Ƙuba. Tun daga bakin titi na jiyo ƙarar. Bai karya alkawari ba. Da hagu yake duka.